Magaryar da Ban Sa a Taswira Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwa a durƙushe, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwancinki a Baƙi'a, Ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan gida lafiya lau. Jikokinki suna nan yadda kika bar su, in yi musu magana da Hausa su mayar mini da Larabci. Ƙawarki Iya Zara ta ce in gaya miki gwiwarta ta hagu ta bi sahun ta dama.

Na san wasiƙa ba ta shiga kabari. Na rubuta ta ne a nan inda matan unguwa da ɗalibaina za su karanta, domin laifin da na yi miki a gaban jama'a na yi shi, ko da yake ba wanda ya gani. Akwai tambayar da kika taɓa yi mini na ba ki amsar ƙarya. Yau nake son in gyara amsar.

Ke kika fara koya mini unguwarmu ta Uhudu, tun ban san akwai wani abu wai shi taswira ba. Kina riƙe da hannuna mu fito daga lungunmu, ki kama kafaɗuna ki juya ni. Ga dutsen nan ja ya tare arewa gaba ɗaya. Sai ki ce, “In kin ɓata, ki ba dutse baya ki yi ta tafiya. Kin fuskanci alƙibla, kuma Harami za ki tarar.” Na yi karatun labarin ƙasa har jami'a, ban sami darasin da ya fi wannan gajarta da amfani ba.

Kowane wuri yana da sunansa a bakinki. Ƙaramin tudun da maziyarta suke hawa suna ɗaukar hoto, Dutsen Maharba. Kwarin da yake bushe duk shekara, sai an yi ruwa a kan duwatsu ya taso da jan ruwa, Ƙorama. Layin rumfunan da ake sayar da dabinon Khaibar da carbi da turare kusa da maƙabartar Shahidai, Bakin Basta. Akwai Lungun Barebari, akwai Kwanar Mai Shayi, ko da yake mai shayin ya rasu tun ina firamare. Sannan a bayan Bakin Basta, a wani fili da ba gini, kusa da gaɓar Ƙorama, akwai Gindin Magarya.

Kin ce kakata ce ta shuka ta ba da niyya ba. Wai da suka iso Madina bayan shekarun da suka yi a hanya, ta Chadi da Sudan da jirgin ruwa, a nan suka fara sauke kaya. Ta kwance bakin zanenta ta ci magaryar ƙarshe da ta rage mata, ta tofar da ƙwallon. Da na fara jin kaina da ilimi na ce miki magarya ai ko'ina tana fitowa a Hijaz, ba sai an kawo ta daga ƙasar Hausa ba. Kika dube ni kika ce, “To ita wannan da kanki kika tambaye ta?”

Har mulkin unguwa ke kika fara bayyana mini shi. Umda, wato mai unguwa, shi ne mai buga hatimi a takarda ya shaida cewa a nan mutum yake zaune. Baladiya ita ce mai kwalta da shara da fitilun titi. 'Yan sanda na masu rigima ne. Kina gama lissafawa sai ki dafa ƙirji ki ce, “Amma in mace ta mutu, ba umda ake fara bugawa waya ba.”

Gaskiyarki. Ke ake bugawa. Shekara da shekaru, duk macen da ta rasu a cikin mutanenmu, da ma wasu da ba namu ba, 'yan'uwanta ke suke nema ki raka su magsala, ɗakin wankan gawa, ki tsaya a kan wankan. Ke da Iya Zara, wadda ta zo daga Chadi tana amarya ta zauna maƙwabtaka da mu. Ba ku taɓa karɓar komai ba. Kafin ku tafi sai kin biya Gindin Magarya kin tsinko ganye, ki daka shi a ƙaramin turmin nan, ki ƙulle a farin ƙyalle. Ana sayar da garin magarya a leda a wurin masu turare, amma kin ce ba kya wanke 'yar mutane da abin da ba ki san uwarsa ba.

Ina tuna ƙamshin hannunki idan kin dawo: ɗanyen ganye da kafur. Ba kya magana sosai a irin ranar. Ki yi wanka, ki yi salla, ki dafa mana shinkafa kamar kullum.

Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne abin da ake kirana a makaranta. Bintul gassala, 'yar mai wankan gawa. Akwai yarinyar da na miƙa wa ƙosan da kika soya mini, ta ja hannunta baya ta ce da wane hannu aka yi shi. Sauran suka yi dariya. Daga ranar na daina cin abincin gida a makaranta. Kika tambaye ni dalili na ce ba na jin yunwa, sai kika ƙara mini man shanu a tuwo wai ko zai buɗe mini ciki.

Na girma, na zama malamar labarin ƙasa a makarantar 'yan mata. Da yake ni ce 'yar farinki, ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai “ke wannan”. Da kika ji ɗalibai suna ce mini Abla, wato malama, sai kika samu hanya: Abla mai taswira. Da zolaya kike faɗa, amma na sha jin kina faɗa wa baƙi da wata murya daban.

Ina son aikina, Inna, kin sani. Ina son lokacin da yarinya ta fara gane cewa layin da ke kan takarda shi ne titin gidansu. Nakan fita da su mu zagaya unguwa, in nuna musu yadda Ƙorama ta yanke ƙasa, da dalilin da ya sa gonakin dabino suka bi gefenta, da inda babban titin da ya kewaye birni ya raba mu da sauran unguwanni. Sai dai duk da sunayen da ke kan allunan titi nake koya musu. Sunayenki na bar su a gida tare da tuwo.

Da aka kawo adireshin zamani aka manna wa kowane gida lamba, ni na zaunar da ke ina so ki haddace tamu. Kika maimaita sau biyu kika watsar. Kika ce, “Duk direban da bai san Gindin Magarya ba, ba ɗan Madina ba ne.”

Sai shekarar da ƙafafunki suka ƙi. Kika koma keken guragu, fitarki sai asibiti. Wanka ya koma hannun Iya Zara ita kaɗai, amma ganye daga wurinki ake karɓa har lokacin. In an yi rasuwa, ki aike ni in tsinko, ki daka a zaune, ki ƙulle, ki miƙa.

A shekarar ne aka ce za a mayar da filin nan wurin ajiye motocin maziyarta. Da ma ana bukata. Manyan motoci suna toshe mana lunguna, har marar lafiya ya rasa ta inda zai bi zuwa asibiti. Ba a yi mana ba-zata ba. Ofishin umda ya aiko wa cibiyar unguwa takarda, aka ce mazauna su rubuta duk wata alama da ke filin wadda suke so a bari, a haɗa da zane. Ɓangaren mata suka taru, aka ce ai ga Abla, ita ta san zane. Aka miƙo mini takardar.

Na yi murna ranar. Na zauna a kan tebur a gaban mata, ciki har da shugabar makarantarmu da malamai biyu abokan aikina. Na zana filin tsaf. Na sa sabil, randar ruwan sanyin nan da wani bawan Allah ɗan Sudan ya kafa sadaka. Na sa dabinai biyu na gefen titi. Na sa 'yar hanyar da tsofaffi suke bi su yanke zuwa masallaci. Sannan na ɗiga ɗigo a gefen Ƙorama, na rubuta magarya da fensir.

A gaban kowace alama akwai gurbin da aka ce a rubuta amfaninta ga jama'a. Sabil, ruwan sha. Dabino, inuwa. Na zo kan magarya fensirina ya tsaya. Da na rubuta inuwa ma ya wadatar, na san haka yanzu, na kuma san haka a lokacin. Amma wata dattijuwa daga baya ta ɗaga murya ta ce, “Ki rubuta ta mahaifiyarki ce, ta wankan mamata.” Shugabar makaranta ta juyo ta dube ni. Kallon tambaya ne kawai, ba raini a ciki. Ni ce na ji kamar ina riƙe da ƙosan nan har yanzu.

Na yi dariya na ce ai itacen daji ne, ba ya cikin abin da ake nufi da alama. Na ƙara da cewa kada a ɗauka muna neman tabarruki da bishiya, a jawo mana magana. Magana ce mai kama da hankali, kowa ya gyaɗa kai. Na juya fensir na goge ɗigon. Ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba.

Da na dawo gida kina zaune a tsakar gida kina tsince shinkafa. Labarin taron ya riga ni zuwa. Ba ki ɗago ba kika ce, “Abla mai taswira, kin sa magaryata?” Na ce, “Aiwa, katabtaha.” E, na rubuta ta. Kika ce Allah Ya yi mini albarka, kika ci gaba da tsintarki.

Wannan ita ce amsar da nake son gyarawa. Ban sa ba, Inna. Na sa, na goge.

Bayan 'yan makonni ma'aikata suka zo. Ina so kowa ya san ba su da laifi. Abin da ke kan takarda suka bi. Sun kewaye sabil da ƙarfe, sun bar dabinan biyu a tsakiyar kwalta da ɗan da'irar ƙasa a gindinsu, har hanyar tsofaffi sun shafa mata fenti. Duk abin da na zana yana nan har gobe. Na tsayar da mota a Bakin Basta ina dawowa daga makaranta, na ga magaryar a kwance, saiwarta sama, awaki suna cin ganyen. Ban fita daga motar ba.

Daga nan ƙarya ta fara haihuwa. Na roƙi matan lungu kada su gaya miki, na ce likita ya hana a tayar miki da hankali. Suka yarda, suna yaba mini tausayi.

In za mu asibiti, hanya mafi kusa ta gaban filin take bi. Sai in ɗauke ki ta baya, mu hau babban titi mu yi dogon zagaye. Yau in ce gyara ake yi, gobe in ce cunkoso. Kina kujerar baya kina jan carbi, wata rana kika ce, “Ikon Allah, wannan hanya ta fi ni ciwo.” Na yi dariya har da buga sitiyari.

Ganye kuma, in kin aike ni, sai in wuce unguwar Al-Sih gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, inda suke da magarya a tsakar gida. In tsinko, in dawo in miƙa miki kamar daga bayan Bakin Basta na fito. Karo na farko kika murza ganye ɗaya a yatsu, kika shinshina. Kika ce, “Wannan ganye ya sha ruwan famfo.” Na ce ai baladiya ce ta fara ba itatuwa ruwa. Kika ce, “Madalla da baladiya.” Kika jawo turmi.

Sau da yawa na shigo ɗakinki da niyyar in faɗa. In zauna a bakin gado, in fara matsa miki ƙafa, in buɗe baki sai in ji kaina ina ba ki labarin ɗalibai. Kina son labarinsu. Kina tambayar wadda ba ta gane gabas da yamma, ko ta gane yanzu. Na riƙa cewa sai kin ɗan ji sauƙi. Sauƙin bai zo ba.

Ranar da kika rasu, da hantsi, bayan an gama takardu, muka bi ki magsala ni da Iya Zara da Gwaggo. A hanya na tsaya wurin mai turare na sayi garin magarya na leda, irin wanda kika ƙi duk rayuwarki. Ko zuwa Al-Sih babu lokaci. Na ɓoye shi a jaka ina jin nauyinsa kamar na ɗauko dutsen Uhudu. Matar da ta wanke matan unguwa da ganyen da ta san uwarsa, ga abin da 'yarta ta kawo mata.

Da muka shiga na fito da ledar. Iya Zara ta dube ta, ta ture ta gefe da bayan hannu. Ta sa hannu cikin abayarta ta ciro wani ƙulli na tsohon zanenki, shuɗin nan mai zanen ganye da na yi ta nema ban gani ba. Ta kwance. Busasshen ganye ne, an ɗan murtsuke shi, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Ta ce, “Na Gindin Magarya ne. Zuba ruwa, 'yar nan.”

Ban tambaye ta komai ba a lokacin. Na zuba ruwa, ta juye ƙullin duka, ta kaɗa har ya yi kumfa. Ta nuna mini yadda ake farawa da dama, yadda ake riƙe kai, yadda ake kitse gashi gida uku. Karo na farko ke nan da na ga aikinki da idona, kuma a kanki na gan shi. Ban san haka yake da natsuwa ba. Ban san ana yi wa mamaci magana a hankali ana cewa “sannu, za mu juya ki” ba. Wannan ne abin da na ji kunyarsa, Inna.

Sai bayan an watse daga zaman gaisuwa na je gidan Iya Zara. Ta zuba mini shayi, ta bar ni na sha rabi, sannan ta gaya mini. Washegarin ranar taron, ina fita makaranta kika aika a kira ta. Ta tura ki a keke har filin, a kan tsakuwa, tana haki kina yi mata tsiya wai ta tsufa. Kika shimfiɗa zanenki a ƙasa, ta riƙa kaɗa rassan da sandarki, ganye yana zuba. A soron gidanta aka shanya shi don kada in gani.

Na tambaye ta wanda ya gaya miki ban rubuta ba, tunda dattijuwar da ta yi magana a taron ba ta zuwa gidanmu. Iya Zara ta ce ba wanda ya gaya miki. Ta ce cewa kika yi, “Da Larabci ta amsa mini. Tun tana ƙarama, in ta fasa kwano, da Larabci take cewa ba ita ba ce.”

Ta ce kin hana ta yi mini maganar. Kin ce, “Ki bar ta. Kunya ce ta kama ta, kuma kunyar ba yau ta fara ba. Ni na ga ƙosai yana dawowa a jaka.”

Ashe duk zagayen da na riƙa yi da ke ta babban titi, kin san abin da nake kewayewa. Ashe kina daka ganyen Al-Sih kina sa mini albarka, kina jira in gaji in faɗa. Kin ba ni wata da watanni, kullum ƙofa a buɗe, ni kuma ina ba ki labarin gabas da yamma. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban ce kin yi kuskure ba, Inna. Cewa nake na bar ki kin tafi kina riƙe mini sirrin laifin da ke na yi wa.

Akwai saura. Da na tashi tafiya na yi mata godiya a kan ganyen, sai ta kawar da kai. Da ƙyar ta faɗa. Ganyen da kuka kaɗo na mutum biyu ne, rabi naki rabi nata, haka kuka yi alkawari a gindin itacen. Ta ce, “Na zo zubawa, hannuna ya ƙi tsayawa.” Yanzu ba ta da ko ɗaya. Matar da ta bar garinsu tana yarinya, ba 'ya, ba 'yar'uwa a nan, ta juye rabonta a ruwan wankanki, kuma itacen da za a sake tsinkowa ni na goge shi.

Ta ba ni zanen na tafi da shi. A gida na kakkaɓe shi, sai ga busassun 'ya'yan magarya guda biyar sun maƙale a kusurwar ƙullin, sun faɗo tare da ganyen ranar da kuka kaɗa. Na fasa ƙwallayen a hankali, na jiƙa, na shuka a gwangwanayen madara a kan soronmu. Huɗu ba su ce komai ba. Ɗaya ta fito.

Tana nan yanzu, ba ta kai tsawon hannuna daga yatsa zuwa gwiwar hannu ba, amma har ta fara ƙaya, ta soke ni sau biyu. Ba na ba ta ruwan famfo sai dole. Da aka yi ruwan sama na bi Ƙorama da jarka na ɗebo mata, jikokinki suna leƙe ta tagar mota suna cewa mamansu ta haukace.

Ran Juma'a nakan ɗauko Iya Zara ta ci abinci da mu. Ba ta iya hawa soro, sai in sauko mata da gwangwanin. Ta sa tabarau ta ƙirga ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta taɓe baki. Makon jiya ta ce, “Wannan ko ɗan yatsana ba zai wanke ba. Ki gaya mata ta yi sauri, Abla, ni ba na jiran itace.” Muka yi dariya. Da ta juya na ga yadda wuyan hannunta ya rame.

Na koma ofishin umda da takardar neman izini a bar ni in dasa ta a gefen filin, ta wajen Ƙorama, inda aka bar wani siririn wuri ba kwalta. A wannan takardar ma akwai gurbin dalili. Na rubuta da alƙalami, ba fensir ba: domin wankan mamata mata, kamar yadda mahaifiyata ta yi a wannan unguwa, kuma ni 'yarta ce. Umda ya karanta, ya yi miki addu'a, ya ce ke kika wanke yayarsa. Ya buga hatimi ya ce zai tura baladiya. Amsa ba ta zo ba tukuna. Mai yiwuwa a yarda, mai yiwuwa a ce wurin hanyar ruwa ne. In an hana, zan fasa simintin tsakar gidanmu.

Na kuma fara bin Iya Zara magsala. Sau uku ke nan. Har yanzu ni ce mai zuba ruwa, ta ce hannuna yana da gaggawa irin ta masu jan biro. Ranar farko da na nemi izinin fita daga makaranta, na gaya wa shugabarmu inda za ni ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce Allah Ya ba da lada, ta sa wata ta riƙe mini aji. Shi ke nan. Abin da na sayar da magaryarki don gudunsa ke nan.

Shekaranjiya na fita da ɗalibaina zagayen unguwa. Na tsayar da su a bakin lungu na juya su ta kafaɗa, na ce su ba dutse baya. Na nuna musu Dutsen Maharba da Ƙorama da Bakin Basta, kowanne da sunan allo da sunan bakinki. Daga ƙarshe na kai su tsakiyar filin motoci, tsakanin fararen layuka biyu, wajen da wata babbar mota ta zubar da mai. Na ce su buɗe littafi su ɗiga ɗigo, su rubuta Gindin Magarya.

Suka waiwaya hagu da dama. Wata 'yar mutanenmu, mai jin Hausa ba ta mayarwa, ta ce da Larabci, “Abla, ina itacen?” Na ce ni na sa aka cire shi. Na gaya musu wace ce ke, da aikin da kika yi, da yadda malamarsu ta goge ɗigo don kada a san 'yar wace ce. Ba su yi dariya ba. Da na karɓi littattafan, na ga wasu ba ɗigo suka yi ba, itace suka zana, da rassa da komai, a tsakiyar motoci.

Ban ce wannan ya biya ba. Zanen yara ba ya ba da ganye. Amma yanzu in wani ya ce Gindin Magarya, akwai 'yan mata aji guda da za su iya kai shi wurin.

Inna, ki yafe mini. Na san kin yafe tun ranar da kike tsintar shinkafa, amma ban roƙa ba a lokacin, kuma yafiyar da ba a roƙa ba tana da nauyi a wuya. Ga shi na roƙa, da Hausa, don ki san gaskiya nake faɗa.

Ya Allah, Ka gafarta wa mahaifiyata, Ka wanke ta kamar yadda ta wanke bayinKa mata ba ta nemi komai ba, Ka suturta ta kamar yadda ta suturta su, ta suturta ni. Ka sa ta sha inuwar da ba mai sare ta. Ka ji ƙan kakata da duk waɗanda suka taka ƙasa da ƙafa don su kwanta a wannan gari. Ya Allah, Ka ƙara wa Iya Zara kwana cikin lafiya da imani, Ka sa wa 'yar magaryar nan albarka ta yi sauri, har ganyenta ya cika tafin hannu biyu kafin a bukace shi. In kuma Ka ƙaddara Iya Zara ba za ta jira ba, Ka ba ni ƙarfin tsayawa a kanta da ɗan abin da ya samu, in ce mata sannu, za mu juya ki. Amin.

Wassalam. Taki har mu sadu,

'Yar farinki, Abla mai taswira,
'yar mai wankan gawa ta Gindin Magarya, Uhudu, Madina.